Ciwon jijiya da kwalaben antiyoksidan: a san sanadi kafin a ciro kuɗi

Makonni uku da suka wuce na je gaishe da kawuna a unguwar Aboabo da ke Kumasi, a Ghana, bayan sallar la'asar, na same shi zaune ya tsoma ƙafafunsa cikin bokitin ruwan sanyi, abin da ya zame masa al'ada tun da tafin ƙafafun ya fara yi masa ƙuna. Shekararsa goma sha ɗaya da ciwon suga. A kan teburin da ke gefensa akwai kwalabe uku masu ƙyalli, kowace da hoton 'ya'yan itace, kuma kalma ɗaya ce ta fi kowace girma a jikinsu, wato antiyoksidan. Ya ce mini wani yaro ɗan unguwa ne da ke tallarsu ta WhatsApp ya kawo masa, ya kuma tabbatar masa cewa cikin wata uku za su wanke masa jijiyoyi su koma kamar na saurayi. Sidi 900 ya biya.

Da na tambaye shi yaushe rabonsa da asibiti, sai ya kau da kai ya ce, "Ɗana, can sai in bi layi tun asuba, a ƙarshe likita ya ce in rage cin shinkafa. Wannan kuwa har gida aka kawo mini." Wata huɗu ke nan bai je an auna masa suga ba.

Ra'ayina shi ne, bai kamata mai ciwon jijiya ya kashe ko sisi a kan waɗannan kwalabe ba kafin a gano abin da ke lalata masa jijiyar. Ban ce batun antiyoksidan ƙarya ne tsagwaronta ba, domin akwai ɗan ƙwayar gaskiya a cikinsa, kuma zan faɗe ta yadda take. Amma tazarar da ke tsakanin abin da bincike ya nuna da abin da ake faɗa wa tsofaffinmu a Aboabo da Asawase da Sabon Zango tana da faɗi ƙwarai, kuma a cikin wannan tazarar ce mutane ke asarar kuɗi da lokaci, wasu har da ƙafa.

Wace jijiyar ake nufi?

Harshenmu da kansa ya sauƙaƙa wa masu talla aiki. Da Hausa, hanyar da jini ke bi jijiya ce, igiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi jijiya ce, haka nan zaren da ke kai saƙon zafi da sanyi da taɓawa zuwa ƙwaƙwalwa shi ma jijiya ce. Saboda haka idan mai talla ya ce maganinsa na jijiya ne, mai hawan jini zai ɗauka da shi ake, mai targaɗe zai ɗauka da shi ake, mai ƙunar ƙafa ma haka, kuma kwalba ɗaya za ta shiga gida uku a kan cututtuka uku da ba su haɗa hanya ba.

Ciwon da nake magana a kansa na jijiyar saƙo ne. Masu shi suna cewa kamar sun taka garwashi, ko kamar ana tsira musu allura, ko kamar kiyashi na yawo a ƙarƙashin fata, kuma ya fi tsananta da dare har zanin rufa ma ya zama abin gudu. Farasitamol da ire-irensa ba su cika taɓa shi ba, domin babu rauni a wurin da ake jin zafin, jijiyar ce da kanta ta lalace take aika saƙon ƙarya. Kusan rabin masu ciwon suga suna samun lalacewar jijiya a tsawon rayuwarsu, kuma tana farawa daga yatsun ƙafa ne saboda jijiyoyin da suka fi tsawo su ne suka fi saurin galabaita.

Ɗan ƙwayar gaskiyar

Tunanin da ya haifar da wannan kasuwa ba na wauta ba ne. Idan suga ya daɗe da yawa a cikin jini, jiki yana ƙara samar da wasu ƙananan sinadarai masu cin ƙwayoyin halitta kamar yadda tsatsa ke cin kwanon rufi, suna lalata jijiyar da kuma ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da ita. Antiyoksidan su ne sinadaran da ke kashe kaifin wannan tsatsa. A ɗakin gwaji, kuma a jikin ɓeraye, an sha ganin suna kare jijiya. Sai dai abin da ya yi wa ɓera aiki a keji ba lallai ya yi wa dattijo mai shekara sittin da biyar aiki ba, kuma a nan ne ake buƙatar gwaji a jikin mutane.

Wanda aka fi gwadawa a cikinsu shi ne sinadarin da ake kira alfa-lipoyik asid. A shekarar 1995 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Jamus, mai suna ALADIN, a kan masu ciwon suga 328, inda aka riƙa ba su shi ta ƙarin ruwa na tsawon mako uku, kuma waɗanda suka samu miligiram 600 a rana sun ji sauƙin ƙuna da zafi fiye da waɗanda aka bai wa ruwan da babu magani a ciki. A 2006 gwajin SYDNEY 2 ya ba mutum 181 shi ta baki na mako biyar, aka sake ganin sauƙi, aka kuma ga cewa ninka adadin ba ya ƙara amfani sai dai ya ƙara tashin zuciya da amai da jiri.

Zuwa nan labarin yana da daɗi, kuma a nan masu talla suke tsayawa. Abin da ba sa faɗa shi ne gwaji mafi tsawo, NATHAN 1, wanda aka bi mutum 460 har shekara huɗu aka buga shi a 2011, bai nuna bambanci a kan babban ma'aunin da aka tsara gwajin dominsa ba, duk da an ga ɗan ci gaba a wasu ƙananan ma'aunai. Daga baya, a 2024, ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwaje ta tace su, ta duba waɗanda suka kai aƙalla wata shida, ta ce mai yiwuwa amfanin sinadarin a kan alamomin ciwon kaɗan ne ko ma babu. Ciwon kawuna kuwa ba na mako uku ba ne, shekara ta uku ke nan yana fama da shi.

"Ai a Jamus likitoci ne ke rubuta shi"

Haka ne, an daɗe da amincewa da alfa-lipoyik asid a Jamus a matsayin magani ga masu ciwon suga da jijiyarsu ta taɓu. Amma a lura da abin da aka amince da shi: sinadari guda, da adadi sananne, ga ciwo guda da likita ya riga ya tabbatar. Na ɗauki kwalaben kawu ɗaya bayan ɗaya na karanta bayansu. Ta farko garin ƙwallon inabi ne da bitamin C, ta biyu haɗin ganyaye ne da 'ya'yan itace fiye da goma ba tare da an faɗi nawa ne na kowanne ba, ta uku kuma tarin bitamin B ne. Babu ko ɗaya da ke ɗauke da sinadarin da aka yi waɗancan gwaje-gwaje da shi. An ari sunan binciken wani abu an lulluɓe wani abu dabam da shi, kamar a nuna maka takardar filin Tafo a sayar maka da fili a Ejisu.

Sa'annan duk waɗannan gwaje-gwaje a kan masu ciwon suga aka yi su. Wanda ƙashin bayansa ya danne masa jijiya zafi ke sauka ta cinya, ko wanda giya ta cinye wa jijiyoyi, ba shi da rabo a wannan hujja ko kaɗan.

"Ko bai yi amfani ba, ai ba zai cutar ba"

Wannan ita ce maganar da na fi ji, kuma ita ce ta fi damuna, saboda an gina ta ne a kan zaton cewa duk abin da ake kira bitamin ɗan'uwan abinci ne. Tarihi ya ƙaryata wannan zato fiye da sau ɗaya. A 1994 wani babban gwaji a ƙasar Finlan, a kan maza masu shan taba fiye da dubu 29, ya nuna cewa waɗanda aka bai wa ƙwayar beta-karotin sun fi kamuwa da sankarar huhu da kashi 18 cikin 100. A 2011 gwajin SELECT, wanda ya ƙunshi maza fiye da dubu 35, ya nuna bitamin E ya ƙara haɗarin sankarar ƙululun da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, wato furostet, da kashi 17 cikin 100. Dukansu biyu antiyoksidan ne, kuma masu binciken sun fara ne da kyakkyawan zaton za su ba da kariya.

A fagen jijiya ma an ga irin wannan. An gwada sinadarin asetil-el-kanitin a Amurka a kan mata fiye da 400 masu sankarar mama, da fatan zai kare jijiyoyinsu daga illar maganin sankara, sai sakamakon da aka buga a 2013 ya nuna ya ƙara musu matsalar ne.

Kwalba ta uku ta kawu ita ce ta fi tayar mini da hankali. Bitamin B6 abu ne mai fuska biyu: ƙarancinsa yana lalata jijiya, shi ya sa ake haɗa wa masu shan maganin tarin fuka na isoniyazid da shi, amma yawansa na tsawon lokaci shi ma yana lalata jijiya, da alamomi iri ɗaya da na ciwon da ake son magancewa. A Ostareliya hukuma ta wajabta rubuta gargaɗi a jikin duk abin da ke ba mutum fiye da miligiram 10 na wannan bitamin a rana. Mutum zai iya shan ƙwayar jijiya daga kemis, ya ƙara da ta WhatsApp, ya ɗora da wadda 'yarsa ta aiko daga Landan, ƙafa ta ƙara ƙuna, shi kuma ya ɗauka maganin ne bai isa ba ya ƙara adadi. Shi kansa alfa-lipoyik asid yana iya saukar da suga, kuma ga wanda yake kan insulin ko ƙwayoyin suga wannan abu ne da dole likitansa ya sani.

Duk da haka, babbar cutarwar ba a cikin kwalbar take ba. Tana cikin wata huɗun da kawu ya yi bai je asibiti ba.

"Na sha kuma na ji sauƙi"

Ba na ƙaryata wanda ya faɗi haka, jiki magayi ne. Amma ciwon jijiya yana hawa yana sauka da kansa, kuma mutum ya fi sayen sabon magani a makon da ciwon ya kai ƙololuwa, wanda daga nan dama sauka zai yi. Ƙari a kan haka, a gwaje-gwajen ciwon jijiya an saba ganin mutane da dama da aka bai wa ƙwayar da babu magani a cikinta suna cewa sun ji sauƙi na gaske, domin sa rai da kulawa suna rage jin zafi. Yaron da ya kawo kwalaben ya zauna da kawu kusan awa guda, ya saurare shi, yana kiransa Baba, yana bugo waya duk mako. Ina ganin rabin abin da kawu ya saya ke nan.

Akwai kuma wani sauƙi da ya kamata a ji tsoronsa. Idan jijiyar ta ci gaba da mutuwa, ƙunar takan ragu saboda ƙafar ta daina jin komai, mai ciwon ya yi hamdala ya ce magani ya karɓe shi, alhali ya shiga mataki mafi haɗari ne.

"To maganin asibitin yana warkarwa ne?"

Nan dole in yi adalci. Magungunan da likitoci ke fara bayarwa, wato amitiriftilin da duloksetin da gabafentin da firegabalin, ba sa gyara jijiyar da ta lalace, rage ƙarar saƙon zafi kawai suke yi. Kuma ba kowa suke yi wa aiki ba: a ƙiyasin masana, sai an bai wa mutum shida zuwa takwas duloksetin ko gabafentin ko firegabalin kafin a samu ɗaya da zafinsa ya ragu da rabi saboda maganin. Suna sa barci da jiri da bushewar baki, abin da direban motar haya ta tirotiro ko mai ɗinki ba zai raina ba. Wani gwaji da aka yi a Burtaniya aka buga a 2022 ya nuna amitiriftilin, wanda tsohon magani ne mai araha, bai gaza sababbin masu tsada ba, kuma haɗa biyu yana taimakon wanda ɗaya bai ishe shi ba.

Saboda haka wanda ya ce asibiti ba ta da waraka bai yi ƙarya ba, kuma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa zai kama. Wasu takobin da suke kamawa shi ne tiramol, wanda mun ga abin da ya yi wa samarin zangonninmu tun kafin hukuma ta tashi tsaye a kansa a 2018. Idan aka ce in zaɓa wa kawu tsakanin tiramol na bayan fage da garin ƙwallon inabi, ba sai an tambaye ni sau biyu ba. Amma ba waɗannan biyun ne kaɗai zaɓi ba.

Abin da asibiti ke da shi wanda kwalba ba ta da shi shi ne tambayar "me ya jawo?" Ga mai ciwon suga, riƙe sugan shi ne abin da ya fi rage saurin lalacewar jijiya. Babban gwajin DCCT na 1993 ya nuna tsananta kula da suga ya rage aukuwar lalacewar jijiya da kusan kashi 60 cikin 100 ga masu ciwon suga nau'i na ɗaya, ko da yake ga masu nau'i na biyu, waɗanda su ne mafi yawa a cikinmu, ribar ba ta kai haka ba. Akwai kuma sanadin da ake iya gyarawa cikin sauƙi: metfomin, ƙwayar da mafi yawan masu suga ke sha, tana rage bitamin B12 a jiki idan an daɗe ana shanta, ƙarancin B12 kuwa yana kawo irin wannan ƙuna da sagewa, kuma gwajin jini ɗaya ke nuna shi. Giya, cutar ƙoda, cuta mai karya garkuwar jiki, kuturta, da wasu magungunan sankara duk suna taɓa jijiya, kowanne da hanyar da ake bi da shi. Wanda ya bar duk wannan ya rungumi kwalba ya bar jaki ne yana dukan taiki.

Wani zai ce mu 'yan boko mun saba raina duk abin da ya fito daga ganye. Ni ban raina ba. Metfomin kansa asalinsa daga wani tsiro ne na Turai, kuma daga barkono ake ciro sinadarin da ake yin man shafawa da filasta na ciwon jijiya da shi. A Mampong ta Akuapem akwai cibiyar binciken magungunan tsirrai tun 1975, wadda aikinta ke nan ta gwada ta tantance. Sharaɗina ɗaya ne ga ganye da ƙwaya, a gwada shi a jikin mutane a faɗi sakamakon duka, mai daɗi da marar daɗi. Wanda kuma yake son antiyoksidan don lafiyar jiki gaba ɗaya, suna nan a kontomire (ganyen gwaza) da zogale da kuka da tumatir da gwanda da ake sayarwa a kasuwar Kejetia, har da zoɓon da muke kira sobolo, in dai ba a cika shi da sukari ba kamar yadda muka saba.

Inda doka ta tsaya

Dokar kiwon lafiyar jama'a ta Ghana ta 2012 ta hana a tallata wani abu ga jama'a a matsayin maganin wasu cututtuka da ta lissafa, ciki har da ciwon suga, kuma Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ce ke da alhakin amincewa da talla kafin a sake shi. Matsalar ita ce tallar yanzu ta bar rediyo da allon bakin titi ta koma saƙon murya da Hausa ko Tuwi, daga waya zuwa waya, ta bakin wanda ka sani kake jin kunyarsa. Kuma lambar rajista a jikin kwalbar ƙarin abinci ba shaida ba ce cewa an gwada ta a kan ciwon jijiya ta yi aiki, abin da mafi yawan masu saye ba su sani ba. Ina ganin wannan bayani ne da ya kamata hukuma ta kai shi masallatai da gidajen rediyon da ke shirin Hausa, da harshen da aka yi tallar da shi.

Ma'aikatan lafiya ma suna da nasu kason. Ana so a duba ƙafar kowane mai ciwon suga aƙalla sau ɗaya a shekara, da wani ɗan siririn zaren roba da ake dangwala wa tafin ƙafa a ga ko mutum yana ji, aikin da bai wuce 'yan mintuna ba. Kawu ya ce a ƙaramin asibitin da yake zuwa ba a taɓa ce masa ya cire takalmi ba. Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya ɗakin masu tiyata a asibitin Komfo Anokye, wanda muke kira Gee, ya ga inda ƙaramin gyambon mai suga ke kai mutum idan an makara.

A ranar, kafin in tashi, na ce, "Kawu, ka yi haƙuri ka ciro ƙafar in gani." Ya yi dariya ya ce yaushe na zama likita, amma ya ciro. Fatar ta yi laushi ta yi fari saboda daɗewa a ruwa, wanda shi ma ba a son mai suga ya riƙa yi. A ƙarƙashin babban yatsan ƙafar hagu akwai wani rami kamar girman ƙwayar wake, gefensa ya yi ja. Na danna kusa da shi, bai ko motsa ba. Na ɗauko silifas ɗinsa na juya, sai ga kan ƙaramar ƙusa ya ɓullo daidai wurin. Bai san tun yaushe yake taka ta ba, kuma da wannan ƙafar yake alwala sau biyar a rana ba tare da ya taɓa juya ta ya duba ƙasanta ba.

Ranar Litinin na kai shi asibiti da katinsa na inshorar lafiya. An wanke ciwon, an auna suga an same shi sama sosai, an sauya masa adadin ƙwayoyinsa, an ɗebi jini don duba B12, an kuma ba shi amitiriftilin kaɗan ya riƙa sha da dare. Na nuna wa likitar kwalaben uku, ta karanta ta ce ya ajiye ta bitamin B nan take, sauran biyun kuma ba ta ga abin da za su ƙara masa ba. A hanyarmu ta komawa Aboabo kawu ya yi shiru har muka wuce Asawase, sannan ya ce in taimaka in yi wa yaron magana da lalama, domin mahaifiyarsa maƙwabciya ce kuma ya riga ya karɓi kuɗin kwalaben wata mai zuwa.